Ranar da Darakta Yu Ya Juya wa Kaka Baya

A unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa, can kudancin Taiwan, in ka tambayi gidan Yu Tien-lai sai a tsaya ana kallon-kallo. Amma ka ce gidan Darakta, ko karen layin sai ya raka ka. Ba wai ya taɓa shirya fim ba, ina! Aikinsa tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai shi ne yaga tikiti a ƙofar gidan silimar garin, har ranar da aka rufe gidan aka mai da shi wurin ajiye babura. Amma bari ya harɗe ƙafa a shagon shayi ya fara, "Mu da muka ƙarar da rayuwarmu a harkar fim," sai ka rantse shi ya koya wa jarumai tafiya.

Kuma mutumin nan da baki yake kallon fim, ba da ido ba. Kafin jarumi ya buɗe ƙofa ya gaya maka wanda ke laɓe a bayanta. Ana cikin ɗaurin aure zai zungure ka ya ce, "Kar ka saba da angon nan, mutuwa zai yi." Duk unguwa ba mai yarda ya zauna kusa da shi in ana kallo, sai wadda ba ta da yadda za ta yi.

Wannan kuwa ita ce matarsa Siu-kim, mai jiƙa ganye a randuna ya yi tsami ta sayar a kasuwar safe. Mace ce mai zafin nama, ba ta zama wuri ɗaya, amma da an kashe fitila an kunna fim, shi ke nan, ta tafi. Ta yi barci ranar da ya fara kai ta silima suna saurayi da budurwa. Ta yi barci a fim ɗin yaƙi ana ta luguden igwa. Abin nan yana ci wa Darakta tuwo a ƙwarya, domin har suka aurar da 'yarsu bai taɓa ganin idon matarsa a buɗe a ƙarshen fim ba.

Rigimar ta taso ne a kan ɗakin sama. A nan ya jibge dukiyarsa: tsohon majigin da ya roƙa lokacin da aka rufe silima, gwangwanayen faifan fim har rufi, da hotunan jarumai da ɓera ya cinye wa hanci. Ita kuwa Siu-kim randunan ganyenta sun cika tsakar gida, sun cika kicin, har a banɗaki sai mutum ya tsallake biyu kafin ya tsuguna.

"Tsoho," in ji ta wata safiya, "ɗakin nan nake so. Ka kwashe tarkacenka."

"Tarkace? Tsohuwa, kin san abin da ke cikin gwangwanayen nan? Tarihin duniya ne!"

"Tarihin duniyar ya taɓa saya mana ko kwanon shinkafa?"

"Ke ai ba za ki gane ba. Fim ɗaya ba ki taɓa kaiwa ƙarshe ba. Amma na rantse da gemun Kaka Mai Ƙasa na ɗakin bauta, ni Darakta Yu in na zaɓo miki fim na haska da hannuna, ko ƙiftawa ba za ki yi ba!"

Sai ga kan Gwaggo Lo ya leƙo ta katanga. Maƙwabciyarsu ce, mai nakiyar shinkafa, maganar gidan kowa kuma ba ta wuce kunnenta.

"Na ji, kuma ni ce shaida!" in ji ta. "Siu-kim, ki riƙe shi da bakinsa. In kin kalla har ƙarshe ɗaki nasa ne. In kin yi barci, randuna su hau sama."

"Na yarda," in ji Siu-kim, ko ɗago kai ba ta yi daga yankan ganye ba.

"Ni ma na yarda!" Darakta ya bugi ƙirji, har sai da ya yi tari.

Ana nan sai dama ta faɗo masa. Lokacin da 'yarsu ke fama da doguwar naƙuda, Siu-kim ta je ɗakin bautar unguwa ta yi wa Kaka Mai Ƙasa alkawarin cewa in yarinyar ta sauka lafiya za ta sa a haska masa fim. Kaka Mai Ƙasa shi ne dattijon gunkin nan mai farin gemu da murmushi wanda ke tsaron layinmu, kuma kamar kowane tsoho, yana son kallo. An sauka lafiya, ranar bikinsa ta ƙarato, sai cika alkawari. Yadda aka saba, mai motar majigi ake kira, ya kafa farin ƙyalle a bakin fili yana fuskantar ƙofar Kaka, ya kunna, ya koma mota ya yi barcinsa. Fim na Kaka ne. In mutane sun zo, to. In ba su zo ba, shi da karnuka sun isa.

"Wane mai mota?" in ji Darakta. "Ga gwani a gida? A gaban Kaka, a gaban jama'a, in ga ta inda za ki yi barcin."

"Alkawarina ne fa, Tsoho. Kar ka kwance mini zani a kasuwa."

"Ke dai ki tanadi idonki."

Sai ya kinkimi buhun gwangwanaye ya nufi wurin Baba Pang, mai kula da ɗakin bautar, wani tsoho siriri da bai iya wasa da al'ada ba.

"Sai an tambayi mai kallon," in ji Baba Pang, ya miƙa masa katakan tambaya, jajayen nan biyu masu siffar jinjirin wata. Kowa ya san karatunsu: ɗaya a kife ɗaya a buɗe, Kaka ya yarda. Duka a kife, ya ƙi. Duka a buɗe, dariya yake maka.

Darakta ya kunna turaren tsinke, ya fito da gwangwanin da ya fi ƙauna a duniya. Fim ne na wani mutum da ke zaune a tasha cikin ruwan sama yana jiran jirgin da ba zai zo ba. Ya ɗaga shi ya yi wa Kaka dogon bayani a kan hikimar da ke ciki, sannan ya jefa katakai. Duka suka kife.

"Bai ji da kyau ba ne," in ji Darakta. Ya ƙara murya, ya sake jefawa. Duka suka buɗe.

"Dariya yake maka," in ji Baba Pang.

"Murna yake!"

Ya sake jefawa da ƙarfi, ɗaya ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin teburin hadaya. Darakta ya bi shi da rarrafe, ya fito da yanar gizo a gira yana cewa, "A buɗe na same shi, na rantse!"

"Na waje ma a buɗe yake, Darakta. Dariyar ce dai."

Haka aka yi ta yi, gwangwani bayan gwangwani, Kaka yana ƙi yana dariya, har aka zo kan na ƙasan buhu, wani fim na wata jaruma mai takobi da ke tsalle bisa rufin gidaje tana neman wanda ya sace ƙanenta. Darakta ya riƙe shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera. "Wannan ai na 'yan kasuwa ne, kuskure ya sa ya shigo buhun." Baba Pang ya ce a jefa dai. Ɗaya ya kife, ɗaya ya buɗe. Aka maimaita, haka. Aka sake, haka.

"To, mai abu ya zaɓa," in ji Baba Pang.

Darakta ya ce, "Madalla," da baki. A zuci kuwa cewa ya yi, "Kaka, da girmanka da gemunka, amma a harkar fim yaro ne kai." Ya riga ya yanke abin da zai ɗora a majigi.

Daga nan bai sake runtsawa ba. Ya kwance majigi ya ɗaura, ya ga ƙusoshi sun yi saura a hannunsa, ya sake kwancewa. Farin ƙyalle ya gagara samuwa, sai ya zare zanen gadon aurensu daga akwati, wanda aka yi wa ɗinkin agwagi biyu a tsakiya, ya ce in haske ya hau ba mai ganinsu. Ya ari lasifika a wurin mai tallan kifi. Ya dafa wa matarsa shayi baƙi ƙirin mai ɗacin da zai tashi gawa. Ya samo kujera mai ƙafa uku wadda in ka gyangyaɗa za ta zubar da kai.

Saura matsala guda. Ranar biki Siu-kim tana rumfar girki ne tare da mata, tana raba kunun ƙwallayen shinkafa, rumfar kuwa tana tsallaken layi, bayan inda ake kafa ƙyalle. Wani mai hankali da sai ya ce mata ta taso ta zagayo. Darakta kuwa fim ɗin ya zagayo da shi. Ya kafa gorori biyu a bakin fili, ya ɗaure igiyoyinsu a jikin turken lantarki na tsallaken layi, ya dasa majigi a gaban rumfar mata, ya jera kujeru a tsakiyar hanya. Fuskar fim ta kalli Siu-kim, Kaka kuwa aka bar shi da ƙeya.

Rana na faɗuwa jama'a suka cika layi, domin Gwaggo Lo ta kai labarin caca har kasuwar kifi. Masu goyon randuna suka zauna dama, masu goyon gwangwanaye hagu, su ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Darakta ya fito da hular da yake cewa irin ta masu shirya fim ce, ya zaunar da matarsa a kujera mai ƙafa uku, ya ɗura mata shayi, ya goga mata man zafi a ƙarƙashin ido.

"Za ka makantar da ni kafin a fara," in ji ta.

"Jama'a!" ya faɗa a lasifika, wadda har yanzu take ƙarnin kifi. "Yau za ku ga abin da ido bai taɓa gani ba!"

Majigi ya yi tari, ya yi atishawa, haske ya fito. Ga tasha, ga ruwan sama, ga mutum zaune a benci. Ga kuma agwagi biyu sun yi ɗare-ɗare a goshinsa.

"Kai, fim ɗin agwagi ne!" wani ya yi ihu daga baya. Aka bushe da dariya.

"Ku yi shiru! Ku lura da idonsa. Jirgin nan da yake jira ba zai zo ba, kuma a ƙarshe..."

"To in ba zai zo ba me muke jira mu?" in ji Gwaggo Lo.

Mutumin dai yana zaune. Ruwa yana zuba. Mutumin yana zaune. Can mai askin unguwa ya ce, "Darakta, injin ya tsaya, a buga masa hannu."

"Bai tsaya ba! Haka fim ɗin yake! Tunani yake yi!"

"Shi da agwagin?"

Darakta ya saci kallon matarsa. Wayyo! Duk da shayi, duk da man zafi, kanta ya fara lilo, kujera mai ƙafa uku tana rawa a ƙarƙashinta. Ya kai lasifika dab da kunnenta ya ce, "Tsohuwa, dubi nan! Yanzu zai ɗaga hannu ya duba agogo!"

Sai ga Baba Pang ya fito daga ɗakin bauta a guje, gemunsa yana karkarwa. Shi yana ciki yana hidimar turare, sai da ya ɗago ya ga abin da ake nuna wa Kaka.

"Yu Tien-lai! Wane irin rashin kunya ne wannan? Ka juya wa Kaka baya a ranar bikinsa? Rubutu duk a juye, mutum yana duba agogo a hannun da ba shi ba! Kuma ina matar mai takobi?"

"Tana... tana cikin jirgin, Baba. In ya iso za ta sauko."

"Yanzu ka ce jirgin ba zai zo ba!" jama'a suka haɗa baki.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Darakta ya buɗe baki zai kare kansa, sai wani kiɗa ya taso daga ƙarshen layi, kiɗan da duk ɗan ƙasar nan zai tashi dominsa ko daga gadon asibiti. Motar shara ce. Ita ba ta san biki ba, ba ta jiran kowa, in ka makara ka kwana da warinka. Darakta ya tsara komai, ya manta da ita.

Kafin ka ce kwabo kujeru sun zama wayam. Maza da mata suka watse gidaje, suka dawo a guje da ledoji da bokitai. Direba ya ga kujeru a hanya ya kauce musu, bai ga igiyar da ke sama ba. Ƙeyar mota ta ɗauki igiya, igiya ta ja gorori, gorori suka yi sujada, zanen aure ya taso kamar shirwa ya lulluɓe Darakta tun daga hula har takalmi.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa!" murya ta fito daga cikin zane ta lasifika. "Duk wannan yana cikin tsari!"

Ya yi gabas ya ture kujeru, ya yi yamma ya taka jelar kare, kare ya bi agwagi da haushi. Ya ja da baya, ya ja da baya, sai ji kake tsulum! Ya zauna daram cikin tukunyar kunun Siu-kim. Sa'arsa ɗaya kunun ya huce. Gwiwar hannunsa kuma ta doki majigi, faifan fim ya fice ya gangara layi yana warware kansa, zare baƙi ya naɗe ƙafafun masu zubar da shara. Gwaggo Lo ta sunkuya ta tattara shi runguma guda, ta cilla cikin mota tare da ɓawon kankana. Mota ta ja da kiɗanta.

"Shi ke nan," in ji mai aski. "Mutumin fim ɗin nan ya gaji da jiran jirgi, ya samu mota."

Aka zare zane daga kan Darakta. Yana zaune a tukunya, ƙwallayen shinkafa sun manne masa a wando, layi kaf yana riƙe da ciki. Mutum ɗaya ce ba ta dariya. Siu-kim ta tsaya a kansa da ludayi, idonta ya kawo ruwa, kuma ba man zafi ne ya kawo shi ba.

"Na ce maka alkawarina ne," in ji ta a hankali. "Ranar da 'yarka ke tsakanin rai da mutuwa na yi shi."

Darakta ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi har wuya.

Baba Pang ya ɗauko katakai ya durƙusa gaban Kaka. "Kaka, ka karɓi wannan fim?" Duka suka kife. "A kori mutumin nan daga fili?" Duka suka buɗe. "To, a sake haska maka wanda ka zaɓa?" Ɗaya ya kife, ɗaya ya buɗe.

Nan da nan maza suka ɗaga gorori, aka juya zane ya fuskanci ƙofar Kaka, aka mai da kujeru cikin fili. Darakta ya zaro matar mai takobi daga ƙasan buhu ya ɗora ta a majigi, Baba Pang na tsaye a kansa. Mai kifi ya ƙwace lasifikarsa. Haske na fitowa Darakta ya manta da kunya, ya buɗe baki: "Wannan da kuke gani, ba shi ne ɓarawon ba, ɓarawon shi ne..."

Gwaggo Lo ta cusa masa dunƙulen nakiya mai danƙo, irin wanda ke haɗe haƙoran sama da na ƙasa. Ya yi ta fama, ido waje. Kafin ya haɗiye ta ƙara masa wani. Aka zaunar da shi kusa da matarsa, aka rufa masa tawul a jiƙaƙƙen wando. Ga gajiyar rashin barci, ga ciki ya cika da shinkafa, ga iska mai daɗi. Jaruma ba ta gama hawa rufin farko ba kansa ya sauka a kafaɗar Siu-kim.

Tafi ne ya tashe shi. Ya zabura ya ga zane fari fat sai agwagi biyu, jama'a a tsaye, Baba Pang yana shelar cewa Kaka ya karɓa. Ya juya a firgice. Siu-kim tana zaune a bakin kujera, ido tar, ta dunƙule hannu kamar mai riƙe da takobi, hawaye a kumatunta.

"Ta same shi, Tsoho! Ta sami ƙanenta! Ashe kawun nasu ne munafukin, ko kusa ban zata ba!"

"Kin... kin kalla? Har ƙarshe?"

"Ko ƙiftawa ba ta yi ba," in ji Gwaggo Lo. "Kai ne dai ka yi mana kiɗan fim da minshari."

Abin da ya yi shekara da shekaru yana jiran gani, an yi shi a gefensa yana barci. Amma Darakta ai Darakta ne. Ya miƙe, tawul ya faɗi, ya ɗaga hannu: "Kun gani? Ban faɗa ba? Na ce in na haska da hannuna..."

"Ɗaki naka ne, ka ci," in ji Siu-kim, tana share fuska. Sai ta dube shi da mamaki na gaskiya, ba zolaya a ciki. "Amma Tsoho, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Ashe haka fim yake da daɗi in ka yi shiru!"

Dariyar da aka yi a filin nan, na tabbata har Kaka sai da gemunsa ya motsa.

Ɗakin sama yana nan yadda yake, ko gwangwani ɗaya ba a fitar ba. Sai dai mabuɗin yana ɗaure a zanen Siu-kim. Ta sa ya koya mata ɗora faifai, kuma kullum ta dawo daga kasuwa sai ta hau ita da Gwaggo Lo da farantin nakiya, su datse ƙofa. Aikin juya ganye a randuna kuwa ya koma hannun wanda ba shi da abin yi a lokacin.

In ka bi ta layinmu da la'asar za ka gan shi a tsakar gida, hannu dumu-dumu cikin ruwan tsami, ya karkata kunne sama yana gane fim da kiɗansa. Yakan daure, ya cije leɓe, ya daure. Can sai ka ji ya kwarma ihu:

"Tsohuwa! Kar ki saba da mai jar rigar nan!"

Sai taga ta buɗe, takalmi ya sauko.